Gidan Kolla a Mashigin Lassa

A can arewacin duniya, inda rana ba ta da kaifi, akwai wata ƙasa da ake kira Sikotlan, ƙasar duwatsu da tabkuna da hazo. A zamanin da wannan labari ya faru ba ta riga ta haɗu a hannun sarki ɗaya ba. Kowane yanki da mai mulkinsa, kuma a yammacinta, daura da teku, akwai masarautar Dunkarra, wadda Sarki Gilmor yake bisa gadonta shekara goma sha tara.

A cikin gidajen sarautar Dunkarra babu wanda ya kai Gidan Kolla suna a fagen fama. Ba su fi kowa shanu ba, ba su fi kowa bayi ba, kwarinsu ma, wanda ake kira Kwarin Lassa, dutse ya fi ƙasar noma yawa a cikinsa. Abin da suka gada shi ne hannun daman Sarki. Duk ranar da aka ja daga, su ne suke tsayawa a dama, inda gumurzu ya fi tsanani, kuma haka abin yake tun kaka da kakanni. Mai gidan a wannan lokaci shi ne Torkil ɗan Ranald, mutum dogo, mai jan gemu, wanda bai cika magana ba. Shekararsa talatin da takwas, ya halarci yaƙi bakwai, yana da ƙane guda, Iwan, mai zafin zuciya da yawan dariya.

Wata rana da hantsi, masu tsaron ƙofar fada suka hangi wani namijin barewa mai rassan ƙaho yana iyo cikin teku daga wajen tsibirai. Ya fito gaɓa yana tangaɗi, ya hau tudu har bakin ƙofar fada, ya durƙusa a nan ya mutu, babu rauni ko ɗaya a jikinsa. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce alama ce ta cewa mutanen tsibirai za su zo su faɗi a ƙofar Sarki. Tsofaffi kuwa suka girgiza kai, suka ce ba su taɓa ganin dabbar dawa ta kawo kanta gidan sarauta ba sai in jini zai zuba a cikin gidan.

Rana ba ta take tsaka ba sai ga manzo a kan doki duk ya jiƙe da kumfa. Aka shigar da shi zauren majalisa, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki! Aslak Sarkin Tsibirai ya sauka a Bakin Tarba da jiragen ruwa sittin. Ya ƙone ƙauyuka uku, ya kora shanu, ya ce a gaya maka kafin wata ya mutu zai ci abinci a wannan zaure."

Sarki ya sa aka tara hakimai. Waziri Dugal ya zauna kusa da gado, Galadima Kormak, mijin 'yar Waziri, yana gefensa. Torkil da Iwan suka zauna inda ubansu ya saba zama. Sarki ya ce, "Kun ji abin da ya tunkaro mu. Jibi za mu fita. Kowa ya san wurinsa, sai ku shirya."

Har mutane sun fara motsi za su tashi, Waziri ya yi gyaran murya. Mutum ne mai taushin harshe, ba ya ɗaga murya ko yana cikin fushi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai maganar da nake jin nauyin faɗinta, amma in na yi shiru na ci amanar gadon nan. Wa ya haifi Torkil? Duk wanda yake zauren nan ya san mahaifiyarsa ƙanwar Aslak ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ban ce Torkil maci amana ba ne, Allah ya kiyaye bakina. Amma hannun dama shi ne ƙofar rayuwar Sarki a ranar yaƙi. Za a ɗora mutum a kan wannan ƙofa, a ce ya ɗaga takobi a kan kawunsa? In ya yi, mun sa shi zunubi. In ya kasa, mun hallaka. Shawarata, a hutar da Gidan Kolla a wannan karon, a ba Galadima dama."

Iwan ya zabura ya miƙe, hannunsa a kan ƙotar takobi. Torkil ya kama gefen mayafinsa ya ja shi ƙasa. Sannan ya tashi da kansa, ya dubi Sarki, ya ce, "Allah ya ba ka nasara. Gaskiya ne Aslak kawuna ne, a cinyarsa na fara cin kifi. Amma auren uwata mahaifinka ne ya ɗaura shi da hannunsa, don a sami zaman lafiya da tsibirai. Abin da aka yi don amfanin gadonka, yau shi ake goranta mini. Ni ban iya jera magana ba. A tambayi wadda ta san gidanmu."

Akwai wata tsohuwar zabiya a fada, sunanta Maired, wadda ta haddace asalin kowane gida a Dunkarra. Ta makance, amma muryarta tana nan. Aka riƙo hannunta aka kawo ta tsakiyar zaure, ta dogara sandarta, ta ce, "Sarki, ka ji daga bakin da ya yi wa ubanka waƙa. Kolla makiyayi ne. Ranar yaƙin Tafkin Duna dokin kakan kakanka ya nutse da shi cikin laka, kibiyoyi na sauka, kowa ya gudu, Kolla ya shiga ya ɗauko shi a kafaɗa, ya fito da kibiya uku a baya. Shi aka fara ba hannun dama, a fagen fama kuma ya ƙare daga baya. Ya haifi Diyarmid, wanda ya tsare ƙofar teku shi da mutum goma sha biyu daga asuba har la'asar, aka tsinci gawarsa a tsaye jingine da ƙyaure. Diyarmid ya haifi Fargus mai ido ɗaya, yaƙi goma sha ɗaya, bai taɓa juya wa maƙiyi baya ba, ya mutu a kan gadonsa yana jin kunyar hakan. Fargus ya haifi Ranald, kai ma ka san Ranald, domin kana saurayi ka ga yadda ya kwanta a kan mahaifinka da ya faɗi, aka sassare shi a maimakonsa. Ranald ya haifi wannan da yake tsaye gabanka. Maza huɗu, Sarki, uku a fage, ɗaya a gida. A nuna mini gidan da ya biya gadon nan abin da wannan ya biya."

Torkil ya ga idon Sarki ya kaɗa, ya ɗauka magana ta ƙare. Amma Waziri ya sunkuya ya raɗa wa Sarki wani abu a kunne, kuma Gilmor mutum ne jarumi a fage, mai rauni a gaban mashawarta. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ban manta da Ranald ba, ba kuma zan manta ba. Amma ba zan jarraba ɗa da jinin kawunsa ba. Galadima Kormak zai riƙe dama. Waziri zai zauna ya tsare birni. Kai kuwa Torkil, ka tafi da mutanenka Mashigin Lassa, ka tsare mana hanyar baya da kayan guzuri. Kada ka bar mashigin sai na kira ka."

Tsaron kaya aikin tsofaffi ne da guragu. Torkil ya ji kamar an watsa masa ruwan ƙanƙara a fuska, amma ya durƙusa ya ce, "Na ji, na bi, ranka ya daɗe."

Suna fita Iwan ya tare gabansa yana huci. "Yaya, a gaban idonmu aka tuɓe wa gidanmu riga, ka ce ka ji ka bi? Mu koma kwarinmu mu rufe ƙofa, su je su yi yaƙinsu!"

Torkil ya ce, "In muka zauna a gida, mun gaskata Waziri. Ubanmu bai yi wa Sarki hidima don a yabe shi ba. Je ka ka aika da itacen gayya."

Al'adar mutanen duwatsun nan ce, in za a tara mayaƙa, a ƙona bakin wani itace a tsoma shi cikin jinin akuya, mai gudu ya kai shi ƙauye na gaba, na can ya karɓa ya wuce da shi. Kafin rana ta biyu ta faɗi, mutum ɗari uku sun hallara a ƙofar Torkil, kowa da mayafinsa na ulu mai ratsi-ratsi, da dogon mashi, da garkuwar fata. Da suka ji inda aka tura su, wasu dattawa suka yi hawaye don takaici, amma babu wanda ya koma.

Mashigin Lassa wuri ne da kogin Lassa yake faɗawa cikin teku. Faɗinsa ya kai harbin kibiya uku. Sau biyu a yini ruwan teku yana janyewa, sai rairayi ya bayyana har mutum ya ƙetare da ƙafa, sau biyu kuma yana dawowa da gudun da ya fi na doki. A ƙarƙashin rairayin akwai wata siririyar hanya ta dutse, a karkace take, wanda ya kauce mata taki biyar sai laka ta riƙe shi har gwiwa. Mutanen Gidan Kolla a nan suka yi wasan ƙuruciya, sun san hanyar ko da ido a rufe. Su suka yi wa rundunar Sarki jagora ta ƙetare zuwa filin Tarba, suka dawo suka zauna da buhunan hatsi da alfadarai.

Ranar yaƙi da sassafe, hazo bai gama tashi ba, sai ga wani ƙaramin kwalekwale ya ɓullo daga wajen teku, mutum ɗaya a ciki riƙe da koren reshe, alamar manzanci. Aka kawo shi gaban Torkil. Ya ce, "Kawunka Aslak yana gaishe ka, yana gaida ɗan ƙanwarsa. Ya ji wulaƙancin da aka yi maka, ya ce zuciyarsa ta yi ƙuna. Ba ya roƙonka ka ɗaga takobi a kan Sarkinka. Abin da yake so ƙarami ne. In rundunar Gilmor ta karye ta nufo mashigin nan, ka janye mutanenka ka hau tudu, kada ka nuna wa kowa hanya. Gobe kai ne mai rabin Dunkarra."

Torkil ya ce, "Me ya sa kawuna ya tabbata rundunar Sarki za ta karye? Mutanen Sarki sun fi nasa yawa."

Manzon ya yi murmushi ya ce, "Ba kai kaɗai aka aika wa gaisuwa ba, ranka ya daɗe. Akwai waɗanda suka amsa tun kafin jiragenmu su taso."

Nan take Torkil ya gane komai: abin da ya sa aka raba shi da dama, da wanda aka ba ita, da wanda ya zaɓi ya zauna a birni. Ya danne abin a ransa ya ce, "Ka koma ka ce wa kawuna na amsa gaisuwarsa, kuma ina girmama nonon da ya sha tare da uwata. Amma ka gaya masa an ba ni mashigin nan amana. In ya zo a matsayin baƙo zan shimfiɗa masa buzu, in ya zo yana bin Sarkina da takobi, ni zai tarar a bakin ruwa."

Manzo yana juyawa Torkil ya kira ƙanensa. "Iwan, ɗauki dokina. Ka ƙetare yanzu, ruwa ya fara janyewa, kada ka bi ta dama, kada ka tsaya wa kowa. Ka isa ga Sarki da kanka, ka ce masa Galadima ya sayar da shi."

Iwan ya ce, "Sarkin da ya mai da mu masu gadin alfadarai?"

"Shi fa. Ba mu da wani."

Iwan ya dubi yayansa, sai ya yi dariyar nan tasa, ya ɗare doki ya ce, "To, in na riga ka ganin yaƙi kada ka ji haushi." Ya faɗa mashigi, ruwa na fallatsa.

Ruwa ya gama janyewa. Da rana ta yi tsaka hazo ya yaye, Torkil ya hau wani dutse yana hangen filin Tarba. Ya ga rundunonin biyu sun gwabza, ya ga tutar Sarki a tsakiya tana tura mutanen tsibirai baya taki bayan taki. Sai ya dubi dama. Mutanen Galadima dubu ɗaya suna tsaye cik, ba su jefa mashi ko ɗaya ba. Can sai suka juya a tsanake suka bi hanyar tudu suka bar fage. Mayaƙan Aslak masu gatura suka kwararo ta wannan giɓi, suka afka wa Sarki ta gefe. Iwan ya isa, amma zagayen da ya yi don ya kauce wa dama ya sa ya isa a makare. Kafin a jima tsakiya ta karye, mutane suka zubar da garkuwa suka nufo mashigi da gudu, maƙiya na bin su suna sara.

Wani dattijo daga cikin mutanensa ya ce, "Maigida, Sarki ya ce kada mu bar mashigi."

Torkil ya ce, "Mashigi gaɓa biyu gare shi, baba. Waccan ma tamu ce." Ya dubi bakin teku, ya ga inda jiƙar rairayi ta tsaya, ya ƙiyasta lokacin da ya rage kafin ruwa ya juyo. Ya zare takobin ubansa ya ɗaga murya ya ce, "'Ya'yan Kolla! An hana mu dama, ga shi Allah ya kawo mana fagen gaba ɗaya. Mutum hamsin su jeru a kan hanyar dutse su nuna wa masu gudu inda za su taka. Sauran ku biyo ni!"

Masu algaita suka hura, irin algaitar ƙasar da ake busawa ta cikin salkar fata, mai kuka kamar ana yanka iska. Mutum ɗari biyu da hamsin suka ƙetare da sassarfa, suka ja sahu uku a gaɓar can, gwiwa a ƙasa, masu a gaba kamar ƙayar bushiya. Suka buɗe ƙofa a tsakiya, masu gudu suna shigewa. Torkil yana tsaye a bakin ƙofar yana kiran hakimai da sunayensu, yana cewa su bi layin mutanensa kada su kauce.

A ƙarshen masu gudu sai ga wasu barade shida ɗauke da Sarki a kan garkuwa, mashi ya huda masa cinya. Bayansu Iwan ne, a ƙasa, dokin ya mutu, yana tafiya da baya yana kare su shi kaɗai, jini ya rufe masa rabin fuska. Saura taki ashirin ya kai sahu, wani ƙato ya sauke masa gatari a kafaɗa. Torkil ya yi ƙara ya fita daga sahu, ya sare ƙaton, ya jawo ƙanensa ciki. Iwan ya buɗe ido ya ce, "Na faɗa masa, yaya. Ya ji da kunnensa." Daga nan ya cika. Torkil ya rufe masa ido, ya sa mutum biyu suka ɗauke shi, ya koma wurinsa.

Sau uku mutanen tsibirai suka yi karo da sahun Gidan Kolla, sau uku suka koma suna barin gawarwaki. Masunsu suka kakkarye, aka koma takobi da wuƙa. Sahu uku ya zama biyu. Torkil ya sami sara a goshi da wani a damtse, bai san da su ba. Idonsa ɗaya yana kan maƙiya, ɗayan yana kan teku. Da ya hangi wani farin layi na kumfa ya taso daga nesa, sai ya ce a busa janyewa.

Suka shiga mashigi da baya, biyu-biyu, a kan hanyar dutse. Mutanen Aslak suka ga abin kamar gudu ne, suka yi sowa. Su masana teku ne, da a natse suke da sun lura da kumfar, amma giyar nasara ta ɗebe su, ga Sarki ana ɗauke da shi a gabansu. Suka bazu cikin rairayi ɗari-ɗari don su sha gaban masu janyewa. Laka ta kama ƙafafunsu. Masu sulke suka nutse har cinya, na baya suna turo na gaba. Sai teku ta iso. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai wuya, sowa ta koma kururuwa. Abin da takubban Dunkarra suka kasa yi tun safe, ruwan Lassa ya gama shi kafin a tafasa tukunya.

Aslak kansa yana kan hanyar dutse, domin ya bi sawun Torkil taki da taki. Tsoho ne mai furfura amma ƙaƙƙarfa. Suka haɗu a tsakiyar mashigi, ruwa har ƙirji. Aslak ya kawo sara, Torkil ya kare, ya sake kawowa, ya sake karewa, bai rama ba. A na uku igiyar ruwa ta kwashe ƙafar tsohon, nauyin sulke ya ja shi ƙasa. Torkil ya saki garkuwarsa ya nutsa, ya kamo shi ta gashin kai, ya ja shi har gaɓa.

Aslak ya yi ta aman ruwa, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan ƙanwata, ka kashe mini mutum dubu, ka kuma hana ni mutuwa tare da su?"

Torkil ya ce, "Kawu, na yi wa Sarkina abin da yake kaina. Wannan kuwa na uwata ne."

Da la'asar aka jingine Sarki Gilmor da wani dutse, an ɗaure masa cinya. Ragowar runduna ta taru a gaɓa, kowa kai a sunkuye. A gefe an jera gawarwakin Gidan Kolla, mutum tamanin da huɗu, Iwan a farkonsu an lulluɓe shi da mayafin yayansa. Aka kawo Aslak a ɗaure. Sarki ya ce, "Wa ya buɗe maka ƙofar ƙasata?"

Aslak ya ce, "Ni ban saba ɓoye abin da na yi ba, balle abin da wani ya yi. Wazirinka ne ya aiko mini tun damina. Ya ce in zo in kawar da kai, surukinsa ya hau gado, ni in ɗauki gaɓar teku. Na ce masa muddin Gidan Kolla yana dama ba zan taso ba. Ya ce wannan a bar masa."

Sarki ya rufe fuska da tafin hannu. Sannan ya ce a matso da Torkil. Torkil ya zo zai durƙusa, Sarki ya riƙe hannunsa ya hana shi. Ya ce, da muryar da kowa ya ji, "Hakiman Dunkarra, ku shaida. Na saurari maƙaryaci na kunyata mai gaskiya a gaban jama'a. Ƙanensa ya mutu yana kare bayana, ni da na mai da su masu gadin kaya. Torkil ɗan Ranald, Sarki ba ya roƙon gafara, amma Gilmor yana roƙonka."

Torkil ya ce, "Ranka ya daɗe, babu komai tsakanina da kai. Ka ba ni izini in kai ƙanena gida in binne shi kusa da ubansa."

Sarki bai kai ga amsawa ba sai ga mahayi ya sauko daga hanyar birni a sukwane. Ya diro ya faɗi, numfashinsa na sarƙewa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki! Waziri ya rufe ƙofofin Dunkarra. Ya sa an yi shela cewa ka mutu a Tarba, Gidan Kolla ne suka bashe ka. Galadima ya shiga birni da mutum dubu, gobe da hantsi za a naɗa shi."

Hayaniya ta tashi. Wasu hakimai suka fara duban hanyar garuruwansu. Sarki ya yunƙura zai miƙe, ƙafar ta ƙi, ya koma ya zauna. Sai ya ciro sandar yaƙi daga ɗamararsa, sandar baƙin ƙarfe da babu wanda ya taɓa riƙe ta sai mai gadon sarauta, ya miƙa wa Torkil. Ya ce, "Ba ni da ƙafa yau. Daga wannan sa'a kai ne Sarkin Yaƙin Dunkarra, dama da hagu da tsakiya duk a hannunka suke. Wanda ya saɓa maka ni ya saɓa wa."

Torkil ya dubi sandar, ya juya ya dubi inda ƙanensa yake kwance. Ya je ya durƙusa a kansa, ya gyara masa mayafi, ya ce wa dattijon nan, "Baba, ku kai shi gida, amma kada ku rufe kabarin sai na zo." Sannan ya dawo ya karɓi sandar da hannu biyu.

Ya ce a ɗora Sarki a kan garkuwa a sa shi a gaba, fuskarsa a buɗe, don duk ƙauyen da aka ratsa su gan shi da rai. Masu algaita suka hura. Ragowar 'ya'yan Kolla suka ja sahu, jini bai bushe a jikinsu ba. Mayaƙan da suka zubar da garkuwa da rana suka dubi juna, suka tashi ɗaya bayan ɗaya, wannan ya tsinci mashi, wancan ya tsinci gatarin maƙiyi da ruwa ya turo gaɓa, suka shiga bayansu. Hakiman da suke duban hanyar gida suka juyo da kawunan dawakinsu. Kafin rana ta taɓa teku, mutum dubu biyu suna hawan tudun Dunkarra a bayan Torkil ɗan Ranald, masu tsaron ganuwa kuwa suka hango tutar Sarkin da aka ce musu ya mutu, suka fara saukowa suna zare sakatun ƙofa.